Aure ya mutu, ciyarwa na nan: abin da doka ta ce kan ɗawainiyar yara bayan rabuwa

Ranar da aure ya mutu abubuwa da yawa kan tsaya, amma yunwar yaro ba ta cikinsu. Washegari zai nemi abin da zai ci, makaranta za ta nemi kuɗinta, zazzaɓi kuma ba ya jiran manya su huce. Shi ya sa doka ta ɗauki ciyarwa a matsayin haƙƙin yaron kansa, ba ladan da ake bai wa uwa ba. Uban da ke cewa "ba za ta ci kuɗina ba" ya saɓa lissafi tun daga tushe, domin ɗansa ne ke binsa bashin. Ita ma uwar da zuciya ta ɗebe ta ta ce ta yafe, ta yafe abin da ba nata ba ne, kuma kotuna da yawa ba sa amincewa da irin wannan yafiyar.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda kusan kowace ƙasa ta amince da ita, ta ɗora renon yaro a kan iyayensa biyu a sashe na 18. Sashe na 27 kuma ya umarci gwamnatoci su ɗauki matakin karɓo wa yaro kuɗin ciyarwa daga wanda nauyin ke kansa, yana cikin ƙasar ko ya ƙetare. A shari'ar Musulunci nauyin yana wuyan uba gwargwadon halinsa, ko da yaron yana hannun mahaifiyarsa. A dokokin ƙasashe da dama kuwa ba a duba jinsi: wanda yaron ba ya zaune a wurinsa shi ke biya, uba ne ko uwa.

Nawa ake biya? Wasu ƙasashe sun bar wa alƙali ya auna buƙatar yaro da ƙarfin mai biya. Wasu sun kafa ma'auni. A Birtaniya, ga mai matsakaicin samu, ana ɗaukar kashi 12 cikin 100 na kuɗin shigarsa idan yaro ɗaya ne, kashi 16 idan biyu ne, kashi 19 idan uku ne ko fiye, sannan a rage gwargwadon kwanakin da yaran ke kwana a wurinsa. Yawancin jihohin Amurka kuma suna haɗa samun iyayen biyu ne, su ƙiyasta abin da ya kamata a kashe wa yaron, kowa ya ɗauki rabonsa. Lokacin dainawa ma ya bambanta, galibi shekara 18 ne, amma karatu ko naƙasa kan tsawaita shi.

Akwai wurare biyu da mutane suka fi yin tuntuɓe, kuma a nan ne na fi so a tsaya. Na farko shi ne cakuɗa ciyarwa da ganin yaro. Uba ya ce tunda an hana shi ganin 'yarsa ya rufe aljihu, uwa ta ce tunda bai kawo komai ba kada ya sake taka mata ƙofa. A idon doka waɗannan haƙƙoƙi biyu ne daban, kuma dukansu na yaron ne. Wanda aka tauye sai ya kai ƙara a kan abin da aka tauye masa, ba ya rama a kan ɗansa ba. Yaron da aka yi wannan ja-in-ja a kansa ya yi asara sau biyu, ba abinci ba uba.

Na biyu shi ne yin shiru idan samu ya ja baya. Aiki na iya ƙarewa, ciwo na iya kwantar da mutum, kuma doka ta san da haka. Amma umarnin kotu ba ya sauka da kansa. Sai mai biya ya koma ya nemi a rage, da shaidarsa a hannu, in ba haka ba bashin na taruwa wata bayan wata. A Amurka, tun 1986 doka ta hana alƙali ya waiwaya ya rage bashin da ya taru kafin a shigar da buƙatar sauyi. Mai riƙon yaro ma tana da irin wannan ƙofar, ta nemi ƙari idan buƙatu sun ƙaru ko samun uban ya haɓaka.

Wanda yake da hali ya ƙi biya, hukuma kan cire kuɗin daga albashinsa tun kafin ya shigo hannunsa, ko ta taɓa asusunsa na banki da kadarorinsa. Wasu ƙasashe kan riƙe fasfo ko lasisin tuƙi, kurkuku kuma shi ne matakin ƙarshe. Jamus da Suwidin suna da tsarin da nake ganin ya fi tausayin yaro: gwamnati ta fara biya, sannan ita ta bi uban bashi.

Ba dole sai an yi shari'a ba. Sulhu ya fi sauri, ya fi araha, ya kuma rage gaba. Sai dai alƙawarin baki a lokacin rabuwa ba ya daɗewa, musamman idan ɗayansu ya sake aure. A rubuta adadin, ranar biya, da wanda zai ɗauki kuɗin makaranta da na asibiti, sannan a kai kotu ta tabbatar, domin hakan ne ke ba takardar ƙarfin da za a tilasta aiki da ita.

Rashin kuɗin lauya ma bai rufe hanya ba. Ƙasashe da yawa suna da hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi, ga ƙungiyoyin lauyoyi masu aikin sa-kai, ga ofisoshin jin daɗin jama'a. Idan mai biya ya bar ƙasar, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan kuɗin ciyar da yara da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 2007 ta sa ƙasashen da suka shiga cikinta su bi wa yaro kuɗinsa, tare da taimakon shari'a kyauta idan bai kai shekara 21 ba. Duk inda za a je, a tafi da takardar haihuwar yaron, shaidar aure ko ta saki, rasitan makaranta da na magani, da duk abin da zai nuna samun ɗaya ɓangaren. Shi ma mai biya ya riƙa turawa ta hanyar da ke barin shaida, domin kuɗin da aka miƙa hannu da hannu ba rasit, ranar da aka yi musu a gaban alƙali da wuya a tabbatar an ba da shi.