Waiwaye: yadda masu bincike suka koma tambayar "bambancin nawa ne?"

Tun daga 1925, lokacin da masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya yaɗa amfani da iyakar 0.05, masu bincike suka ɗauki ƙimar p (lambar da ke nuna yiwuwar ganin irin wannan sakamako ko da a gaskiya babu wani bambanci) tamkar alƙali: in ta gaza 0.05, an samu sakamako. Matsalar ita ce p ba ta faɗin girman bambanci. In aka tara mutum dubu hamsin a bincike, ko bambancin da bai taka kara ya karya ba zai tsallake iyakar.

Jacob Cohen, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, shi ya fi matsa wa batun. A littafinsa na 1969 ya gabatar da ma'aunin d: a ɗebe matsakaicin rukuni ɗaya daga na ɗayan, a raba da ma'aunin warwatsuwar sakamakon. Ya ce 0.2 ƙarami ne, 0.5 matsakaici, 0.8 babba, tare da gargaɗin cewa wannan na wanda ba shi da wani abin kwatance ne. Jama'a suka riƙe lambobin, suka watsar da gargaɗin. Ga kuma tarko: in aka gwada sabuwar hanyar koyarwa a kan ɗalibai masu ƙwazo iri ɗaya, warwatsuwar za ta ragu, d ya kumbura, alhali makin da aka ƙara bai canja ba.

Likitanci ne ya nuna aibin lakabin "ƙarami". A gwajin asfirin da aka yi kan likitoci maza 22,071 a Amurka, rahoton 1988 ya nuna 104 cikin masu shan maganin sun gamu da bugun zuciya, 189 kuma cikin masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta. In aka mayar da wannan zuwa ma'aunin alaƙa, r kusan 0.03 ne, ƙasa da abin da Cohen zai kira ƙarami. Duk da haka an dakatar da gwajin tun kafin lokacinsa saboda amfanin ya bayyana. A aikace: a ba mutum kimanin 130 asfirin na kusan shekara biyar, a kare ɗaya daga bugun zuciya.

Akasin haka ya faru a Birtaniya a 1995, da aka sanar cewa wasu sababbin ƙwayoyin hana ɗaukar ciki suna ninka haɗarin daskarewar jini. Ninkin gaskiya ne, amma daga mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2. Mata da yawa suka daina sha, aka samu ƙaruwar cikin da ba a shirya ba.

A 1999 kwamitin ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ya buƙaci a riƙa bayyana girman tasiri (irin su d ko r) a kowane babban sakamako, haɗe da tazarar tabbaci, wato iyakokin da ake kyautata zaton ainihin girman yana tsakaninsu. Tazarar ce masu karatu suka fi tsallakewa: d na 0.5 mai tazara daga 0.05 zuwa 0.95 yana iya zama kusan babu, yana iya zama babba, kuma ƙananan samfura, wato gwaji kan mutane kaɗan, ne ke haifar da irin wannan faɗin.