Waiwaye: Yadda Gaɓar Tekun Sin Ta Rabu Gida Uku

Gaɓar tekun ƙasar Sin ta kai kusan kilomita 18,000, kuma larduna da manyan birane 11 ne ke kwance a kanta. Sai dai abin da kowannensu ke ci daga teku ya sha bamban, kuma bambancin ba yau ya fara ba.

A 1980 gwamnati ta ware Shenzhen, Zhuhai, Shantou da Xiamen a matsayin yankunan tattalin arziki na musamman. Uku daga cikinsu a lardin Guangdong suke, kusa da Hong Kong, inda jari da ƴan kasuwa ke jiran a buɗe ƙofa. A 1984 aka ƙara buɗe biranen gaɓa 14, sannan a 1990 aka juya kan Pudong na Shanghai. Arewa kuwa, irin su Dalian da Tianjin, ta shiga wannan zamani ɗauke da manyan masana'antun gwamnati na ƙarfe, man fetur da ƙera jiragen ruwa, masu ƙarfi amma masu nauyin juyawa.

A 2003 ne aka fitar da tsarin ƙasa na raya tattalin arzikin teku. A 2011 aka ba Shandong, Zhejiang da Guangdong damar gwajin nasu tsare-tsaren, a 2012 kuma jam'iyya mai mulki ta sa zama gagarau a teku cikin manufofinta. Yau ana lissafa gaɓar shiyya uku: arewa, gabas da kudu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Qingdao, birnin lardin Shandong a shiyyar arewa. Can Jami'ar Nazarin Teku ta Sin take, can cibiyar binciken teku da aka kafa tun 1950, can kuma mazaunin Jiaolong, jirgin nutso da ya sauka mita 7,062 a 2012. Masana sun taru a birni ɗaya fiye da ko'ina a ƙasar. Amma shekara da shekaru Guangdong ce ke kan gaba wajen kuɗin da ake samu daga teku. Dalili ba ɓoyayye ba ne: binciken da ya tsaya a ɗakin gwaji ba ya biyan albashi sai an sami kamfanin da zai ƙera, bankin da zai ba da rance, da mai saye. Kudu na da waɗannan a kusa. Shandong ta fara cike giɓin ta hanyar kiwon kifi a tsakiyar teku, har da ƙaton jirgin kiwo Guoxin 1 da ya fara aiki a 2022.

Gabas ta haɗa biyun, wato bincike da kasuwa. A kashi na huɗu na tashar jiragen ruwa ta Yangshan da ke kusa da Shanghai, wanda aka buɗe a 2017, motoci marasa direba ke jigilar kwantena, ma'aikata na zaune gaban kwamfuta suna sa ido.

Guangxi da Hebei ne ke ban tausayi. Suna da tashoshi da masunta, amma cibiyoyin bincike kaɗan ne, kuma matashin da ya ƙware yakan tattara ya nufi Shenzhen ko Shanghai. Hainan ta gwada wata hanya: an kafa cibiyar binciken zurfin teku a Sanya, mai kula da jirgin nutso Fendouzhe da ya kai zurfin mita 10,909 a 2020, ko da yake a Wuxi na lardin Jiangsu aka harhaɗa jirgin.