Majami'ar Yahudawa

Majami'ar Yahudawa gini ne da mabiya addinin Yahudanci ke taruwa a cikinsa domin addu'ar jam'i, karatun Attaura da neman ilimin addini. Da Ibrananci sunanta bet keneset, wato gidan taro. Yahudawan gabashin Turai kuwa shul suke cewa, kalmar da asalinta makaranta take nufi. Ba a yanka hadaya a majami'a. Wannan aiki ne na Haikalin Birnin Ƙudus, babban ɗakin ibadarsu, shi kaɗai, kuma ya tsaya tun da Rumawa suka rushe shi a shekara ta 70 Miladiyya.

Tarihi

Masana sun saɓa a kan mafarinta. Wasu na danganta ta da zaman bauta a Babila, bayan rushe Haikali na farko wajen shekara ta 586 kafin Miladiyya, sai dai shaidar da ta fi tsufa daga Masar ta fito: rubuce-rubuce a kan dutse na ƙarni na 3 kafin Miladiyya, masu ambaton gidajen addu'a na Yahudawa. An tono kufan majami'u na ƙarni na 1 a Gamla da Masada da Magdala, tsofaffin wuraren zaman Yahudawa, abin da ke nuna cewa sun wanzu tun Haikali yana tsaye. Da ya faɗi, sai malamai suka ɗora addu'o'in yini a kan lokutan da a da ake miƙa hadaya.

A shekarar 1932 aka gano majami'ar Dura-Yurofos a gabar Kogin Furat, cikin Siriya ta yau. Bangonta cike yake da zanen labaran annabawa, wanda aka yi wajen shekara ta 244. Abin da ya tsare zanen shi ne ƙasar da mutanen garin suka cika ginin da ita domin ƙarfafa ganuwa, gabanin harin Farisawa. Yanzu yana gidan tarihi na Dimashƙa.

Majami'ar Ben Ezra ta tsohon birnin Alƙahira ta shahara ne saboda ɗakin ajiyarta. A al'adarsu ba a zubar da takarda mai ɗauke da sunan Allah, don haka aka yi ta jefa tsofaffin rubuce-rubuce a wannan ɗaki ƙarni bayan ƙarni: littattafan addu'a, takardun aure, wasiƙun fatake, har da takardun yara na koyon baƙi. Da yawansu Larabci ne da haruffan Ibrananci, tsari irin na ajami. Wani masani, Solomon Schechter, ya kwashe fiye da guntaye 190,000 zuwa Jami'ar Kambirij a 1897.

A Tamantit da ke yankin Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, wajen ƙarshen ƙarni na 15, fatawar Shaihu Al-Maghili ce ta kai ga rushe majami'ar garin, kafin tafiyarsa Kano a zamanin Muhammadu Rumfa. A daren 9 zuwa 10 ga Nuwamban 1938 'yan Nazi suka ƙone ɗaruruwan majami'u a Jamus da Austiriya.

Tsarin ciki

Babu wani fasali da aka wajabta wa ginin daga waje. A ciki, bangon da ke fuskantar Birnin Ƙudus yana da kabad mai labule inda ake ajiye naɗaɗɗun littattafan Attaura, ana ce masa aron kodesh ko hekal. A gabansa akwai fitila rataye wadda ba a kashewa. Daga kan wani dandamali mai tebur, bima, ake yin karatu. A tsohon tsari tsakiyar ɗaki yake zama, domin kowa ya ji.

Littafin Attaura

Da hannu ake rubuta shi, a kan jemammiyar fatar dabbar da aka halatta musu ci. Marubucin, sofer, yakan fara shata layuka da tsinke, sannan ya kwafa daga wani littafi da ke gabansa yana furta kowace kalma, domin ba a yarda ya rubuta da ka ba. Haruffan 304,805 ne, a ginshiƙai kusan 245, galibi layi 42 kowanne. Aikin kan ci shekara guda ko fiye. Da jijiyar dabba ake ɗinke fatun, a naɗe su a kan sanduna biyu.

Babu wasali a ciki, babu alamar rera karatu, saboda haka dole mai karatu ya haddace su tun daga gida. Ba ya taɓa rubutun da yatsa, sai da wani ɗan sanda na azurfa ko katako mai siffar hannu a kai.

Harafi ɗaya ya ɓace, ko ya tsage, ko ya manne da na kusa da shi, littafin ya tashi daga aiki har sai an gyara. Danshi da tsufa su ne suka fi jawo haka, don su ke sa tawada ta ɓamɓare. In aka ci karo da kuskuren ana tsakiyar karatu, sai a naɗe littafin, a ɗaura ɗamararsa ta wajen rigar da ake sa masa domin a gane shi, a fito da wani a ci gaba. In kuma shakka ake yi a kan wani harafi, yaro ake kira wanda ya san baƙi amma bai san ayar ba. Abin da ya karanta shi ne hukunci. Kalmar da aka yi kuskurenta ana kankarewa, ban da sunan Allah. Littafin da ya wuce gyara binne shi ake yi a maƙabarta.

Jam'i da karatu

Jam'i ba ya ƙulluwa sai da mutum goma baligai, wato minyan, kuma namiji na shiga lissafi ne daga shekara 13. Idan tara ne, kowa zai yi addu'arsa, amma ba za a fito da Attaura ba, ba kuma za a karanta Kadish ba, addu'ar da ɗa ke yi tsawon wata 11 bayan rasuwar mahaifi ko mahaifiya. Shi ya sa a ƙananan garuruwa akan aika a nemo na goma, musamman da safiyar ranakun aiki.

Addu'o'in yini uku ne: ta safe, ta la'asar da ta dare, da ƙarin ta huɗu ran Asabar, ranar hutunsu, da ranakun idi. Jigonsu ita ce Amida, wadda ake yi a tsaye cikin sirri, mai albarka 19 a ranakun aiki, 7 ran Asabar.

An kasa Attaura kashi 54, ana saukewa a shekara. Ran Litinin da Alhamis mutum uku ake kira zuwa dandamali, huɗu a tsayuwar wata, biyar a idi, shida ran Yom Kifur, ranar azumi da neman gafara, bakwai da safiyar Asabar. Na farko daga zuriyar Annabi Haruna yake fitowa, na biyu daga ƙabilar Lawi. In babu Balawi, na farkon ya maimaita. Kowane ba a karanta masa ƙasa da aya uku. Mutum biyu na tsaye a gefen tebur suna bi a bugaggen littafi, kuma duk kuskuren da ya sauya ma'ana sai mai karatu ya koma.

Shugabanci da kuɗi

Rabbi malami ne mai koyarwa da ba da fatawa, amma ba sharaɗi ba ne shi ya ja addu'a. Duk wanda ya iya yana iya ja. Da yake ba a taɓa kuɗi ran Asabar, ba a zagayawa da faranti. Kuɗin shekara na membobi da alkawuran da ake biya daga baya su ke riƙe da majami'a.

Mata

A majami'un masu bin tsohon tsari mata na zama a bene ko bayan shinge, kuma ba a lissafa su cikin goma. Masu sassauci sun cire shingen, kuma a 1972 sun naɗa Sally Priesand a matsayin rabbi, mace ta farko da aka naɗa a Amurka.