Waiwaye: Yadda Riƙon Yara Bayan Mutuwar Aure Ya Sauya Hannu

Idan aure ya mutu, kaya kan rabu cikin kwanaki, amma rigimar wanda zai riƙe yara takan ɗauki shekaru. A dokar Rumawa ta dā babu ma abin jayayya: uba ne mai cikakken iko a kan 'ya'yansa, har bayan sun girma. Dokar Ingila ma a kan haka ta zauna har cikin ƙarni na 19, matar aure ba ta da ta cewa a kan abin da ta haifa.

Shari'ar Musulunci ta bi wata hanya tun farko, ta raba nauyin gida uku: reno, walicci da ciyarwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa wata mata ta kawo kuka wurin Manzon Allah (SAW), ta ce cikinta ne ya ɗauki yaron, nononta ya sha, a cinyarta ya kwanta, ga shi uban ya sake ta yana neman ƙwace shi. Aka ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi wani aure ba. Daga nan malaman mazhabobi suka yi ta fitar da iyakoki. Malikawa ne suka fi ba uwa dogon wa'adi: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta yi aure, reno ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a waiwayi dangin uba. Hanafawa sun tsaya a shekara 7 ga namiji, 9 ga mace a fatawar da ta fi yaɗuwa, Shafi'awa kuwa suka ce idan yaro ya yi wayo a ba shi zaɓi. A duk cikinsu ci da sha da sutura suna wuyan uba, ko yaron na hannun wa. Wannan sharaɗin ne, abin takaici, aka fi saurin mantawa da shi.

A Ingila sai da wata mata ta ɗanɗana kuɗarta kafin doka ta motsa. Caroline Norton ta rabu da mijinta a 1836, ya kwashe 'ya'yansu maza uku ya hana ta ganinsu. Ta yi ta rubuce-rubuce tana bin 'yan majalisa har aka yi dokar 1839, wadda ta ba uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara 7 ba, in dai ba a same ta da laifin zina ba. Ita kanta dokar ba ta share mata hawaye ba, domin mijin ya kai yaran Sikotilan inda dokar ba ta aiki. A 1842 ƙaraminsu ya faɗo daga kan doki, kafin ta isa wurinsa rai ya yi halinsa. An ɗaga shekarun zuwa 16 a 1873, sannan a 1925 majalisa ta ce maslahar yaro ita ce gaba da komai, ba haƙƙin uba ko na uwa ba.

Wannan ma'auni ne ya game duniya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ɗora shi a sashe na 3, ta kuma ce a sashe na 12 a saurari yaron da kansa. Amurka ce kaɗai cikin ƙasashen majalisar ba ta tabbatar da ita ba. Ƙasashen Musulmi ma sun taɓa nasu dokokin: Maroko a 2004 ta ce auren uwa ba ya ƙwace mata yaron da bai wuce shekara 7 ba, Masar kuma a 2005 ta kai wa'adin reno shekara 15 ga mace da namiji.

Sai dai "maslahar yaro" magana ce mai daɗin faɗi da wuyar aunawa. Tsohon tsari yana da tsauri, amma kowa ya san matsayinsa tun kafin ya shiga kotu. Yanzu komai ya rataya ga fahimtar alƙali, kuma wanda ya fi ƙarfin ɗaukar lauya ya fi iya jan shari'a har ɗayan ya gaji.

Inda aka fi samun cikas kuwa shi ne kuɗin ciyarwa. Alƙali zai yanke, uba ya biya wata biyu ya yi shiru, uwa ta koma zaryar kotu da kuɗin motar da ba ta da shi. Tunisiya ta kafa asusu a 1993 da ke biyan matar da aka saka da 'ya'yanta idan mijin ya ƙi, daga baya hukuma ta bi shi bashin. Masar ta yi makamancinsa a 2004, ta damƙa shi ga bankin Nasser, wanda ke biyan uwa sannan ya karɓo daga albashi ko dukiyar uban.