Ƙarin kuɗin da Ingila ke ba makarantu saboda 'ya'yan talakawa: ina yake tafiya?

Wane kuɗi ne wannan?

Sunansa Pupil Premium. Gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron da Nick Clegg ce ta ƙirƙiro shi a 2011. Ƙari ne a kan kasafin makaranta na yau da kullum, kuma ana biyansa ne bisa yawan yara masu ƙaramin ƙarfi da ke cikinta. A shekarar 2024 zuwa 2025, kowane irin wannan yaro na firamare ya jawo wa makarantarsa fam 1,480, na sakandare fam 1,050, yaron da ke hannun hukuma, wato wanda take riƙo a madadin iyayensa, ko wanda aka taɓa riƙewa a hannunta kuwa fam 2,570.

Wa ake ƙirgawa a matsayin mai ƙaramin ƙarfi?

Galibi yaron da aka yi wa rajistar abincin rana kyauta a kowane lokaci cikin shekaru shida da suka wuce. Nan ne ake yawan asara. Tun 2014 duk yaran ajin farko na firamare zuwa aji biyu suna cin abinci kyauta, ko iyayensu na da hali ko babu. Sai uwa ta ga ɗanta yana ci, ta ce to me zai kai ni cike takarda? Ita ba ta rasa komai ba a ganinta, amma makarantar ta rasa kusan fam dubu ɗaya da ɗari biyar. Shi ya sa za ka ga makarantu suna ta roƙon iyaye su yi rajista.

Ana ba yaron kuɗin a hannu?

A'a. Shugaban makaranta ne ke tsara kashe shi, kuma ba dole a kashe wa kowane yaro kason da ya jawo ba. Na yaran da ke hannun hukuma ne kawai ke bi ta wani jami'in ƙaramar hukuma.

To me suke yi da shi?

Cibiyar Education Endowment Foundation, wadda aka kafa a 2011, ta shawarci makarantu su fara da inganta koyarwa, wato horar da malamai da riƙe nagari. Sai darasi na musamman ga yaro ɗaya ko 'yan kaɗan, musamman karatu da lissafi. Sannan abin da ke hana yaro zuwa aji tun asali: karin kumallo, kayan makaranta, kuɗin fita yawon ilimi, da bibiyar masu fashin zuwa makaranta.

A ganina na farkon ya fi wuya, don ba ya ɗaukar hoto. Ɗaukar mataimakin malami abu ne mai sauƙi, amma binciken cibiyar ya nuna idan aka bar masa yaran da suka fi rauni ba tare da horo ba, amfanin kaɗan ne.

Wa ke sa ido?

Kowace makarantar da ke da irin waɗannan yara fiye da biyar sai ta wallafa tsarinta na kashe kuɗin a shafinta na intanet kafin ƙarshen Disamba, kuma masu binciken Ofsted, hukumar da ke duba ingancin makarantu, suna duba yadda waɗannan yaran ke tafiya. Duk da haka giɓin da ke tsakanin sakamakon karatunsu da na sauran yara bai rufe ba, annobar korona ma ta ƙara faɗaɗa shi.