Kwantar da jijiyoyin jiki

Kwantar da jijiyoyin jiki shi ne mayar da jiki cikin natsuwa bayan tsoro, damuwa ko yawan tunani sun ɗaga shi. Alamomin da aka saba gani su ne faɗuwar gaba, haki, bushewar baki, gumi a tafin hannu, ɗaurewar wuya da kafaɗu, da ƙauracewar barci. Hanyoyin da ake bi sun haɗa da sarrafa numfashi, sassauta tsoka, da shan wasu tsirrai marasa ƙarfi.

Yadda jiki ke tashi ya kwanta

Akwai sashen jijiyoyi da ba ya jiran umarnin mutum. Shi ke kula da bugun zuciya, narkar da abinci da fitar gumi, kuma reshe biyu gare shi. Na farko, wanda likitoci ke kira simfatetik, shi ke zaburarwa: yana sa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda su saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara sauri, jini ya bar hanji ya koma tsoka. Na biyu, farasimfatetik, shi ke kwantarwa. Babbar hanyarsa ita ce jijiyar bagus, ta goma cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda ke gangarowa ta wuya zuwa zuciya, huhu da ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 na zarenta saƙo yake kai wa ƙwaƙwalwa daga jiki, shi ya sa abin da mutum ya yi da ƙirjinsa yake iya taɓa hankalinsa.

Tarihin bincike

A 1845 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Ernst da Eduard Weber, suka nuna cewa idan aka tsokani jijiyar bagus da lantarki, zuciya kan rage gudu. Abin ya zo da mamaki, don a lokacin ana ganin aikin jijiya shi ne ta motsa gaɓa. John Langley na Jami'ar Kambirij a Ingila ne ya raɗa wa wannan sashen jijiyoyi da ba ya jiran umarni suna, wato otonomik, a 1898, ya kuma bambanta rassansa bayan 'yan shekaru. A 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ya bayyana cewa duk wannan tashin jiki shiri ne na ɗayan abu biyu, faɗa ko gudu.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na Otto Loewi a birnin Graz na Ostiriya, wanda aka wallafa a 1921. Ya ajiye zukatan kwaɗi biyu cikin ruwan gishiri, suna ta bugawa. Ya tsokani jijiyar bagus ta zuciyar farko har zuciyar ta lafa, sannan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa ba. Ita ma ta lafa. Ashe jijiyar wani sinadari take saki, wanda daga baya aka gane asetilkolin ne. Loewi ya ce a mafarki dabarar ta zo masa, ko da yake ana taƙaddama kan ainihin daren. Ya raba kyautar Nobel da Henry Dale a 1936, shekarar da Hans Selye ya fara bayyana a Kanada yadda matsi mai tsawo ke cinye jiki.

Dabaru

Zuciya kan ɗan ƙara sauri idan mutum ya ja numfashi, ta rage idan ya fitar. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti; idan ya rage zuwa wajen shida, yana tsawaita fitarwa fiye da shaƙa, reshen kwantarwa kan samu galaba. Ana ɗora hannu ɗaya a ciki, ɗaya a ƙirji, a bar na cikin ya riƙa ɗagawa, na ƙirjin kuwa ya kusa tsayawa cik.

Sassauta tsoka daki-daki aikin likitan nan ne Edmund Jacobson, wanda ya wallafa shi a Amurka a 1929. Mutum zai dunƙule hannu tamau na 'yan daƙiƙu, ya saki, ya lura da bambancin, sannan ya wuce damtse, kafaɗa, fuska, har yatsun ƙafa. Tsarin asali yana cin watanni. Wanda ake koyarwa yau ya samo asali ne daga gajeren da Joseph Wolpe ya fitar wajen shekarun 1950.

Ruwan sanyi a fuska ma yana rage bugun zuciya, amma ba a ba masu ciwon zuciya shawarar yin sa.

Tsirrai

Babunaj, wani tsiro mai ƙananan furanni da ake sha kamar shayi, yana cikin mafiya daɗewa, tun tsoffin Misirawa da Girkawa. Furensa na ɗauke da sinadarin afijenin, wanda ke maƙalewa a wuraren da wasu magungunan barci ke aiki a ƙwaƙwalwa, sai dai da rauni ƙwarai. Melisa, mai ƙamshin lemun tsami, Ibn Sina ya yabe ta da faranta zuciya, kuma ita ce jigon wani ruwan magani da 'yan ɗarikar Karmel ta Kiristoci suka riƙa haɗawa a Paris tun wajen 1611. Saiwar baleriyan, mai wari, likitan Girka Galen ya ba da ita ga marasa barci a ƙarni na 2, an kuma sha ta a Ingila lokacin ruwan bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu. Tarihinta ya fi hujjarta ƙarfi, don gwaje-gwajen zamani sun saɓa wa juna. Man labanda da ake haɗiya a ƙwanso ya fi samun goyon bayan bincike, musamman a Jamus.

Ba kowane ganye ne mai sauƙi ba. Jamus ta janye maganin kaba (kava), wani tsiro na tsibiran Tekun Fasifik, daga kasuwa a 2002 saboda rahotannin lalacewar hanta. Haifarikum, wani ganye da ake sha don damuwa, yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da na tsinka jini. Babunaj kansa yana tayar wa wasu borin jini, kuma haɗa baleriyan da maganin barci ko giya yana da haɗari. Masu ciki da masu shayarwa ana so su tambayi likita.

Saɓani da iyaka

Ra'ayin folibagal da Stephen Porges ya gabatar a 1994, mai cewa jijiyar bagus na da rassa biyu masu aiki daban wajen natsuwa da firgici, ya yaɗu tsakanin masu ba da shawara kan damuwa, amma masana aikin gaɓoɓi da dama ba su yarda da tushensa ba.

Faɗuwar gaba da haki kan zo kuma daga ƙarancin jini, yawan aikin halittar tayirod da ke gaban wuya, ko ciwon zuciya. Idan suka ɗauki makonni, ko suka zo da ciwon ƙirji ko suma, asibiti ake zuwa a yi gwaji.