Kerkecin Larabawa ba kura ba ne

Da yawa idan suka ji "zi'ibu", wato kerkeci da Larabci, a ƙissar Annabi Yusuf (AS), kura ce ke faɗo musu a rai. Dabbobi ne biyu daban. Kerkeci dangin kare ne, ita kuwa kura, duk da kamarta da kare, ta fi kusanci da kyanwa.

Kerkecin Larabawa, wanda masanin dabbobi Pocock ya sa wa suna Canis lupus arabs a 1934, yana cikin mafi ƙanƙanta a irinsa: nauyinsa kusan kilo 20, tsayinsa a kafaɗa kimanin santimita 65. Siriri ne, gashinsa gajere, launin toka-toka mai sirkin ƙasa. Kunnuwansa manya ne idan aka gwada da jikinsa, kuma ta nan yake rage zafi. Bayansa a miƙe yake, saɓanin kura da ƙafafunta na gaba suka ɗara na baya, har ka ganta kamar ta rusuna.

Masu cewa kerkeci sai ƙasar ƙanƙara su ma sun yi kuskure. Wannan yana zaune a duwatsu da bakin hamadar Saudiyya, Yaman, Oman da Jodan.

Abinci ya yi ƙaranci a can, shi ya sa ba ya yin babban garke. Bibbiyu ko uku-huɗu suke farauta. Zomo, ɓera, barewa, mushe, har 'ya'yan itace da juji duk yana ci. Idan ya samu akuya ba ya ƙyale ta, abin da ke sa makiyaya harbinsa ko sa masa guba.